Tsohuwar Tirelar Kwana a Amurka: A Saya a Gyara, ko a Nemi Wadda Ba Ta Tsufa Ba?

Da kaka ta kama a Amurka, wajen watan Oktoba, sai ka ga Facebook Marketplace da Craigslist sun cika da tallar tsofaffin tirelolin kwana, ɗakunan nan masu taya da ake maƙala wa bayan mota a tafi yawon hutu da su. Masu su ba sa son biyan kuɗin ajiya na wani lokacin sanyi, sai su karya farashi. Za ka ga mai gadaje huɗu da kicin da banɗaki an sa mata dala 3,000, alhali sabuwar irinta sai ka ninka wannan sau biyar ko shida ko fiye. Ga magidancin da ke zaune a Ohayo ko Tekzas da iyali mai yawa, wanda duk tafiya sai ya kama ɗaki biyu a otal, ya kuma yi ta neman inda zai samu abincin halal a hanya, lissafin yana da daɗin ji: ga makwanci, ga tukunyar uwargida, ga wurin salla, duka a bayan mota.

Zaɓi uku ne a gabansa: tsohuwa mai shekara ashirin zuwa sama wadda sai an gyara, ta hannu mai shekara biyar zuwa goma, da sabuwa fil daga dillali. Ni ina bayan tsohuwar, amma da sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa a kai. Sai idan ruwa bai ci katakonta ba. Duk wani abu da ya lalace a jikin tirela yana da farashin da za ka iya sani tun kafin ka biya. Ruɓar katako kaɗai ce ba a sanin iyakarta sai an ɓalle bango.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera su. Galibin tirelolin Amurka daga jihar Indiyana suke fitowa, musamman kewayen garin Elkhart, inda manyan kamfanoni biyu, Thor da Forest River, suka mamaye sana'ar. Hanya mafi araha kuma mafi daɗewa ita ce a kafa ƙarangar siraran katako, a lulluɓe waje da kwanon alminiyam mai gora-gora, a manna falanki ɗan siriri a ciki, a shimfiɗa roba a kan rufi. Duk inda aka huda jikin nan, wato taga, ƙofa, mashigar iska, gindin na'urar sanyaya ɗaki da layin kusurwoyi, gam ne kawai yake tare ruwa. Ga shi kuma ɗaki ne da ake gudu da shi mil sittin a awa a kan ramuka, rana ta gasa shi, ƙanƙara ta daskarar da shi. Gam ɗin yana tsagewa, shi ya sa masu ƙera su suke cewa a riƙa hawa rufi ana dubawa akai-akai ana sabuntawa. Mutane kaɗan ne suke yi. Ruwa kuwa ba ya tsayawa a inda ya shiga: ya shiga ta kusurwar gaba a sama, ya bi katako ya gangara, ya taru a ƙasa ƙarƙashin ledar daɓe. Kafin tabo ya fito a silin an yi shekaru ana ɓarna a ɓoye.

Don haka ranar dubawa, ka bar kallon labule da kujeru. Hancinka ne zai fara ba ka labari tun daga bakin ƙofa. Warin fumfuna ba ya ɓuya, kuma idan ka ji ƙamshin turaren ɗaki ya yi yawa a tirelar da ba a kwana cikinta, ka tambayi dalili. Ka cire takalmi ka taka ko'ina, musamman bakin ƙofa, gaban masai, da ƙarƙashin tagar gaba. Inda ƙafa ta lotsa, an gama magana. Ka buɗe kowace kabad ta sama ka haska tocila cikin kusurwa, ka danna bango da babban yatsa a ƙarƙashin kowace taga. Falanki mai lafiya yana da tauri, wanda ya sha ruwa yana yamutsewa ko ya yi ɗan sauti kamar busasshen ganye. A waje, akwai wata leda siririya da take rufe kan sukurorin da ke layin kusurwa. Ka nemi izinin mai ita ka ɗaga ta kaɗan a ƙasa, ka kwance sukuru ɗaya. Idan ya fito fari tas yana turjiya, alama ce mai kyau. Idan ya fito da tsatsa, ko yana ta juyawa bai kama komai ba, katakon da ke bayansa ya zama gari. Mitar auna danshi ba ta da tsada a shagunan kayan gini, ka tafi da ita. Ka tafi da tsani kuma, domin wanda ya hana ka leƙa rufi ya riga ya ba ka amsa.

Idan talla ta ce akwai ɗan yoyo amma an toshe, ka tuna cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Toshe rami yana hana sabon ruwa shiga, bai busar da wanda ya riga ya kwanta a ciki ba.

Tsofaffin ma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne zaɓin yake da daɗin tattaunawa. Mai katako da kwano da na ambata ita ce ta fi saurin ruɓa, amma ita ce kuma ta fi karɓar gyaran mai ƙaramin ƙarfi. Duk wanda ya iya riƙe zarto da na'urar ɗaure sukuru zai iya kwance kwanon daga waje, ya cire katakon da ya mutu, ya sa sabo, ya mayar da kwano da sabon gam. Daga waje ake gyara ta. Kuskuren da sababbin shiga suke yawan yi shi ne su fara da fasa kabad-kabad na ciki don su samu fili, ba su san cewa waɗannan kabad ɗin suna cikin abin da ya riƙe bango da rufi ba. Ana cire su sai jikin ya fara lanƙwasa.

Mai santsin bango, wadda ta yi yawa daga shekarun 1990 zuwa yau, ta fi kyan gani, kuma ita na fi jin tsoro a tsofaffi. Bangonta fallen faiba ne da falanki da soso da aka manne a masana'anta ƙarƙashin matsi. Idan ruwa ya shiga tsakani, gam ya saki, sai ka ga bango ya yi kumburi ko ya yi tudu da kwari in ka tsaya a gefe ka kalle shi ta tsawonsa da hasken yamma. Wannan ba aikin ƙofar gida ba ne. Ana iya ɗura gam a matse ƙaramin wuri, amma babban kumburi yakan ci kuɗin da ya wuce darajar tirelar gaba ɗaya. Idan kuma tana da ɗakin nan da ake turowa waje don ƙara fili, to an ƙara maka babbar kafar ruwa da injin da zai iya maƙalewa ranar da za ka tashi daga sansani.

Sai ƙananan nan masu siffar ƙwai, irin Scamp da ake yi a Minesota da Casita da ake yi a Tekzas. Jikinsu faiba ne da aka zuba a mazubi, rabi biyu aka haɗa, babu ƙarangar katako a bango, babu layin kusurwa. Suna iya yoyo ta taga ko ta ramin ribit, daɓensu ma yana iya lalacewa, amma gangar jikin ba ta ruɓa, shi ya sa ake samun na shekarun 1980 suna kan hanya har yanzu. Ba su da nauyi, Scamp mai ƙafa 13 ƙaramar mota mai ɗan ƙarfi tana jan ta. Matsalarsu biyu ce. Ba sa faɗuwa a kasuwa, tsohuwa ma da kuɗinta, kuma da an sa talla ake wawashewa. Sannan ƙanana ne ƙwarai: miji da mata da yaro ɗaya ko biyu. Mai 'ya'ya biyar sai dai ya haɗa da tanti.

Airstream, mai ƙyallin azurfa da ake ƙerawa a Jackson Center ta jihar Ohayo, ita ce kowa yake mafarki. Jikinta alminiyam ne da aka ɗinke da ribit, kuma idan aka gyara ta da kyau tana riƙe daraja fiye da kowace. Sai dai daɓenta katako ne da aka matse tsakanin gangar jiki da ƙarfen casis. In ya ruɓe a gefuna, kamar yadda aka saba gani a bayan dogayen na shekarun 1970, gyara na gaskiya yana iya kaiwa ga ɗaga jikin gaba ɗaya daga kan casis, a yi walda, a sake daɓe. Aikin shekara ne ko fiye, mai son fili da rumfa da kuɗi. Ba zan ba wanda bai taɓa mallakar tirela shawarar farawa da ita ba, komai arahar da ya gani.

To a ce ka samu busasshiya. Me za ka kashe? Ka fara da abin da zai iya kashe mutum. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Ta haura shekara biyar ko shida, canza ta, har da safaya. Boris yana son sabon giris duk shekara ko duk mil 12,000. Birkin lantarki sai an gwada, kuma motarka tana buƙatar na'urar da ke sarrafa shi. Jihohi da yawa sun wajabta birki daga laba 3,000, Kalifoniya tun daga 1,500. Idan aksil ɗin irin mai roba a ciki ne kuma ya haura shekara ashirin, robar ta ƙandare, tirela ta zauna ƙasa tana jijjiga kayan cikinta, sai sabo. Tukunyar gas tana da ranar ƙira a wuyanta, bayan shekara 12 ba za a cika maka ba sai an sake tantance ta. Tiyo da regileta a sabunta, a sa mai sana'a ya gwada layin gas, a sayi sababbin na'urorin ƙararrawa na hayaƙi da na gas da na iskar kabon monoksaid, domin su ma suna da wa'adi, kuma 'ya'yanka ne za su kwana kusa da hita. Waɗannan duka, in babu canjin aksil, suna iya tashi dala dubu ɗaya zuwa biyu. Ka ɗora su a kan farashi tun a zuciyarka.

Bayan su sai kayan jin daɗi. Firjin tirela na asali da gas da lantarki yake aiki, da sinadarin amoniya a bututunsa. Ka buɗe murfinsa ta waje: garin rawaya ko warin amoniya na nufin ya mutu, sabo kuma ya haura dala dubu. Kamfanonin Dometic da Norcold duk sun taɓa kiran a dawo da wasu samfura saboda haɗarin gobara, don haka ka ɗauki lambar firjin ka bincika. Ka ce wa mai ita ya kunna shi tun daren jiya, saboda yana ɗaukar sa'o'i kafin ya yi sanyi. Bututun ruwa mai ruwan toka da aka yi amfani da shi daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990 ya yi ƙaurin suna wajen fashewa a mahaɗa, ana maye gurbinsa da bututun roba na zamani mai suna PEX, aiki ne mai sauƙi in hannu yana kaiwa. A jihohin sanyi, tirelar da ba a tsiyaye ruwanta kafin hunturu ba za ka same ta da fasasshen tankin ruwan zafi. A jona mata tiyo a gabanka, a rufe duk famfuna, ka zagaya kana kallon ƙasa. Kashin ɓera kuma kada a share shi a bushe, a jiƙa shi da ruwan bilic tukuna, saboda ƙwayar cutar da ake kira hantavirus, wadda wasu ɓerayen daji ke ɗauke da ita, ta numfashi take shiga.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Mu mutane ne masu amfani da ruwa a banɗaki: buta, alwala sau biyar, wankin ƙafa. Banɗakin yawancin tireloli leda ce kawai a kan katako, an ƙera shi ne don mutanen da ba sa zubar da ruwa a ƙasa. Iyali guda za su iya ruɓar da daɓe mai lafiya a bazara biyu. Ko dai a nemi mai banɗakin da duk ƙasansa kwamin faiba ne mai magudana, ko a kafa doka tun ranar farko cewa alwala a cikin kwamin wanka ake yi ko a waje. Tankin ruwan datti ma zai cika da wuri fiye da yadda takardar kamfani ta nuna.

Yanzu a auna da sauran biyun. Sabuwa tana zuwa da garanti, galibi na shekara ɗaya, da kwanciyar hankalin cewa ba wanda ya ɓoye maka komai. Amma darajarta tana zubewa sosai a shekarun farko, kuma mutane da yawa da bashi suke saye, bashin da ake ja shekara goma zuwa sama da kuɗin ruwa. Ga wanda yake gudun riba, wannan kaɗai ya isa ya rufe ƙofar, sai in yana da kuɗin a hannu. Sabunta kuma ba ta nufin inganci. A 2021, lokacin da annobar korona ta sa kowa neman hutu a daji, masana'antar ta fitar da tireloli da motocin kwana sama da 600,000 a shekara ɗaya, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kafin ya faɗo zuwa kusan rabi a 2023. Masu saye da yawa sun koka da aikin gaggawa a na waɗannan shekarun, da jiran watanni a layin gyaran garanti. Na wancan lokacin su ne yanzu suka cika kasuwar ta hannu. Don haka mai shekara biyar ma sai an yi mata binciken da aka yi wa mai shekara talatin, ba ragi.

Duk da haka ta tsakiyar tana da hujjoji masu ƙarfi. Kayan gyaranta suna nan a kasuwa, wayarin ɗinta na zamani ne, inshora ba ta wahala. Wasu sansanoni masu zaman kansu, musamman masu karɓar zaman wata-wata, ba sa karɓar tirelar da ta haura shekara goma, ko su ce sai ka aiko da hoto. Gandun shaƙatawa na jiha da na tarayya galibi ba ruwansu da shekaru. Idan hutun kwana uku a gandun jiha kake so, dokar ba ta dame ka ba. Idan kuwa aiki ne zai kai ka wani gari ka zauna wata shida a cikinta, ta dame ka ƙwarai, kuma ga irin wannan mutum ina ganin ta tsakiyar ta fi.

Abubuwa uku kuma suna iya warware maganar tun ba a je ga tirelar ba. Na farko mota. Mutanenmu da yawa Toyota Sienna ko Honda Odyssey suke ja, kuma iyakar abin da aka yarje musu su ja laba 3,500 ne, kusan kilo 1,600. Kada ka dubi nauyin tirela babu kaya, ka dubi cikakken nauyin da aka rubuta a farantin jikinta. Galan 40 na ruwa kaɗai ya haura laba 330. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela a kan ƙugiyar mota yake sauka, kuma ana cire shi ne daga abin da motar za ta iya ɗauka, tare da kai da iyali da kaya. Adadin abin da motar za ta iya ɗauka yana manne a jikin ƙofar direba. Mota cike da mutum bakwai ba ta da sauran wuri mai yawa. Idan sayen tirelar dala 3,000 zai tilasta maka sayen a-kori-kura, ai ba ta dala 3,000 ba ce.

Na biyu wurin ajiya. Mazaunin Bronx ya sani cewa birnin Niyu Yok bai yarda a bar tirela a titi ba tare da motar da ke jan ta ba, unguwanni da yawa a wasu jihohin ma ƙungiyar masu gidaje ta hana ajiye ta a ƙofar gida. Filin haya kuɗi ne duk wata, kuma da yawansu ba sa barin a yi aikin gyara a ciki. Wanda ba shi da inda zai buɗe bango ya rufe da tamfol ya dawo gobe, gyaran tsohuwa ba nasa ba ne. Kai wa gareji kuwa, kuɗin aiki ya haura dala ɗari a awa kusan ko'ina, kuma a nan arahar take ƙarewa.

Na uku takarda. Sunan da ke kan takardar mallaka ya zama na wanda ke tsaye a gabanka, lambar da ke kanta ta yi daidai da wadda aka buga a ƙarfen gaba, kuma babu bashin banki a kai. "Takardar ta ɓata, amma samunta ba wuya" magana ce da ta bar mutane da yawa da ɗakin da ba za su iya sa wa lamba ba. In ba wuya, ya samo kafin ka biya. A yi hattara kuma da farare ƙal marasa ado na 2005 da 2006. Bayan guguwar Katrina hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta sayi dubban irinsu don waɗanda suka rasa gidaje, a 2008 hukumar lafiya ta CDC ta tabbatar da yawan sinadarin fomaldihaid mai cutarwa a cikinsu, daga baya aka yi gwanjonsu da gargaɗin kada a zauna a ciki. Da yawansu ma ba su da tankunan ruwan datti.

Ga yadda zan raba. Mai fili a gida, mai son aikin hannu, mai kuɗi a hannu da rarar da ta kai rabin farashin don gyara, ya nemi tsohuwa busasshiya: mai siffar ƙwai in iyalin kaɗan ne, mai katako da kwano marar ɗakin turowa in suna da yawa. Wanda yake aiki kwana shida a mako kuma yana son tafiya a bazarar nan, ya ƙara kuɗi ya sayi ta tsakiya, ya biya mai bincike mai takardar shaidar ƙwarewa, irin na ƙungiyar masu binciken tireloli ta NRVIA, 'yan ɗaruruwan daloli kafin ya sa hannu. Wanda kuma bai taɓa kwana a cikinta ba, ya fara da haya ta ƙarshen mako ɗaya a shafin Outdoorsy ko RVshare, ya ja ta da baya, ya zubar da tankin masai da hannunsa, ya ji ra'ayin uwargida bayan ta yi girki a kicin ɗin. Idan sau ɗaya ko biyu a shekara za a fita, haya ta fi duka ukun sauƙi.

In ciniki ya faɗa, kada ka ɗauko tsohuwa da dare ko ta babbar hanya. Ka gwada fitilun baya da sigina da birki tun a ƙofar mai ita, ka ƙara iska, ka bi ƙananan tituna a hankali. Bayan mil goma ka tsaya ka ɗora hannu a kan murfin boris na kowace taya. Ɗumi ba komai. In ɗaya ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, ka ajiye ta a nan ka kira makaniki ko motar ɗauka.